Kada a jira ranar sallama kafin a kira ma'aikacin walwala

A asibitoci da yawa da ake jinyar ciwon daji, an san ranar da ake tunawa da ma'aikacin walwala. Ranar sallama ce. Likita ya sa hannu, wani marar lafiyar na jiran gadon, sai a lura ba wanda ya zo ɗaukar wannan, ko akwai bashin da ba a biya ba, ko kuma ɗakin da zai koma a hawa na uku yake, alhali ƙafarsa ko banɗaki ba ta kai shi. Sai a tura a kira ma'aikacin walwala, a ba shi awa biyu ya kwance ƙullin da ya yi wata huɗu yana ɗauruwa. In ya kasa, a ce ofishin nan ba ya aiki.

Ba a fafe gora ranar tafiya. Matsayina shi ne mai ciwon daji ya ga ma'aikacin walwala cikin mako ɗaya ko biyu da faɗa masa sunan ciwonsa, kuma ya ci gaba da ganinsa a ranakun da aka rubuta a katinsa, yadda ake rubuta ranar ɗibar jini da ranar hoto, har aƙalla shekara guda bayan an gama magani. Kada a bar abin sai wanda ya roƙa, domin waɗanda suka fi buƙata su ne ba sa roƙo.

Wanda nake nufi ya bambanta da ɗan sa-kai mai zagaya ɗakunan marasa lafiya yana gaisuwa, ko da yake shi ma yana da ladansa. Ma'aikacin walwala mutum ne da ya karanci aikin, a ƙasashe da dama ma sai da lasisi yake yinsa. Horonsa biyu ne a haɗe: ya iya zama da mutum cikin tashin hankali ya saurare shi, ya kuma san hanyoyin hukuma, wato dokar aiki, inshora, tallafin gwamnati, makarantar yara, gidan haya, da ƙofar da ake ƙwanƙwasawa kan kowanne.

Sana'ar ta taso da tabonta. A 1895 asibitin Royal Free da ke Landan ya ɗauki Mary Stewart, kuma babban abin da aka ɗora mata shi ne ta tantance wa ya cancanci magani kyauta, wa zai iya biya. Shekara goma bayan haka, a 1905, Dakta Richard Cabot na babban asibitin Massachusetts da ke Boston ya kawo ma'aikaciyar walwala sashen duba marasa lafiya saboda wani dalili dabam: yana rubuta wa mutane hutu da abinci mai gina jiki, suna komawa gidajen da ba ko ɗaya daga ciki, su dawo masa da ciwon da suka tafi da shi. Har yau asibitoci suna rabe tsakanin waɗannan hanyoyi biyu. Inda aka bi ta farko, ma'aikacin walwala ƙaramin akawu ne mai auna talauci. Inda aka bi ta biyu, yana cikin masu magani. Cicely Saunders, wadda ta kafa gidan kula da masu jinyar ƙarshe na St Christopher's a 1967, sai da ta yi wannan aikin kafin ta zama likita, kuma ita ce ta dage cewa raɗaɗin mai ciwon daji ya haɗa jiki da zuciya da iyali da imani.

Burin duk wannan aiki shi ne farfaɗowa, wato mutum ya dawo da iya abin da zai dawo: tafiya, haɗiya, magana, ɗaga hannu, riƙe fitsari, barci, aiki, zaman aure. Wani likita a New York, Herbert Dietz, ya kasa ta kashi huɗu, kuma har yanzu ana aiki da rabon nasa. Akwai ta rigakafi, wadda ake farawa kafin magani don rage ɓarnar da aka san tana tafe. Akwai ta maidowa, ga wanda ake sa ran zai koma kamar da, da ta tallafi, ga wanda zai rayu da nakasa ta dindindin, sai ta sassauci, ga wanda ciwon ya yi wa nisa. Kashi na farkon kaɗai ya isa hujja a kan masu jiran ranar sallama. Yawan masu buƙatar kuwa ba kaɗan ba ne: cibiyar binciken ciwon daji ta Hukumar Lafiya ta Duniya ta ƙiyasta cewa a 2022 mutum kusan miliyan 20 aka gano da ciwon, kuma miliyan 53.5 ne ke raye cikin shekara biyar da gano nasu.

Mako awa 168 ne. Marar lafiyar da ya dace yana ganin mai motsa gaɓoɓi awa ɗaya a ciki. Sauran 167 yana gida, kuma a can ne atisayen da aka koya masa zai yiwu ko ya gagara. Abin da ke yanke wannan hukunci galibi ba ya cikin fayil ɗin likita: wa ke gida da rana, akwai kuɗin mota, shin maigidansa a wurin aiki ya san halin da ake ciki, shin mutumin ma yana ganin akwai amfanin tashi daga gado.

A duba gashin haske, wato maganin da na'ura ke haska wurin ciwon don kashe ƙwayoyinsa, domin a nan abin ya fi fitowa fili. Mai sankarar baki ko maƙogwaro yakan yi gashi kwana biyar a mako har mako shida zuwa bakwai, wato zuwa asibiti sau 30 zuwa 35. Zaman kansa gajere ne, 'yan mintoci ne a kan gadon na'ura, amma tafiya da jira suna cinye yini. Mai sankarar bakin mahaifa ana so ta kammala gashinta duka cikin mako takwas, domin in aka ja lokaci ƙwayoyin ciwon da suka rage suna sake hayayyafa a tsakani, kuma damar shawo kan ciwon tana raguwa. Makon farko kowa na da ƙarfi, 'yan'uwa na rige-rigen rakiya. Wajen mako na uku baki ya fara yin gyambo, haɗiya ta zama azaba, gajiya ta sauka, ɗan rakiya ya koma bakin aikinsa don hutun da ya ɗauka ya ƙare, kuɗin da aka tara ya yi ƙasa. Nan ne ake fara fashin kwana ɗaya, sai biyu, sai a rubuta a fayil wai marar lafiya ba ya ba da haɗin kai.

Maganin wannan kalanda ce, kuma kafin zama na farko ake cika ta. A zauna da marar lafiya da wani nasa, a jera ranakun duka talatin da ɗoriya, a gaban kowace a rubuta sunan mai kawo shi, da sunan wanda zai maye gurbi in na farko ya gaza, da wanda zai riƙe yara. In gidan na da nisa, a nemi masauki kusa da asibiti tun yanzu, musamman na makonni uku na ƙarshe da mako biyun da ke biye, domin illar gashi takan kai ƙololuwa ne a ƙarshen magani da 'yan kwanakin bayansa. Sannan a yi yarjejeniya da masu na'ura: duk ranar da bai zo ba, a sanar da ma'aikacin walwala a ranar, shi kuma ya buga waya a ranar. Jiran taron mako ya tattauna waɗanda suka yi fashi asarar kwana biyar ce.

Zaman farko da marar lafiya yana buƙatar kusan awa guda, a ɗaki mai ƙofa, ba a bakin gado inda labule kaɗai ya raba shi da maƙwabcinsa ba. Kuma tambayar "Yaya jiki?" ba ta kawo komai, amsarta a shirye take tun kafin a yi ta. Tambayoyin da ke aiki ƙanana ne masu kaifi. "Baba, wa ke kwana gidan tare da kai?" "In ka faɗi da tsakar dare wa za ka kira, kuma minti nawa zai yi kafin ya iso?" "Matakala nawa ce daga ƙofar gida zuwa gadonka?" "In ba ka fita aiki ba, kuɗi na shigowa?" "Wa ya san sunan ciwon nan, wa kuma ba ka so ya sani?" Sai wadda ta fi duka: "Faɗa mini da bakinka abin da ka fahimta likita ya ce." Sau tari a nan ake gane cewa mutum ya ɗauka tiyata ce ƙarshen magana, bai san akwai wata shida na kemo, wato magunguna masu kashe ƙwayoyin ciwon daji, a gaba ba, ya riga ya yi wa wurin aikinsa alƙawarin komawa wata mai zuwa. Ko da ɗan rakiya mutumin kirki ne, a nemi ya ɗan fita na minti goma. Akwai maganganun da ba sa fita a gaban miji, ko ɗa, ko wanda ke biyan kuɗin magani, ciki har da maganar duka da tozarci a gida, wadda ciwo ba ya tsayar da ita.

Akwai wani ma'auni mai sauƙi da ƙungiyar manyan cibiyoyin ciwon daji ta Amurka, NCCN, ta fitar a ƙarshen shekarun 1990 ƙarƙashin jagorancin Dakta Jimmie Holland. Hoton ma'aunin zafi ne daga 0 zuwa 10, marar lafiya ya nuna inda damuwarsa ta kai a makon da ya wuce, sannan ya yi alama a jerin matsaloli: na kuɗi da sufuri, na iyali, na zuciya, na imani, na jiki. Wanda ya nuna 4 ko sama ana ƙara bincikarsa. Daga 2015 hukumar da ke tantance cibiyoyin ciwon daji a Amurka ta wajabta musu irin wannan awo. Abu ne mai kyau, amma ina da ƙorafi a kan yadda ake yinsa a wurare da yawa. Ana miƙa takardar a wurin jira, mutum ya zana 8, ya yi alama a kan kuɗin haya da rashin barci, takarda ta shige fayil, shiru kake ji. Wanda aka yi wa haka ya koyi darasi, zuwa na gaba sifili zai zana. Asibitin da bai tanadi wanda zai amsa takardar cikin kwana biyu ko uku ba, gara kada ya raba ta. Kuma awo ɗaya ba ya wadatarwa. A maimaita shi a mararraba: lokacin gano ciwo, farkon magani, ƙarshensa, dubawar farko bayan an gama, da ranar da aka ce ciwo ya dawo. In damuwar ta zuciya ce, akwai tambayoyi tara da ake kira PHQ-9, makinsu daga 0 zuwa 27. Daga 10 zuwa sama ana tura mutum ga mai ilimin ƙwaƙwalwa, kuma tambaya ta tara, wadda ta shafi tunanin mutuwa ko cutar da kai, ba a barinta ta kwana ko makin sauran ya yi ƙasa.

Wasu matsalolin kamar na jiki ne zalla, sai an matso kusa a ga ba haka ba ne. Kusan mace ɗaya cikin biyar da aka yi wa maganin sankarar mama tana samun kumburin hannu, musamman in an cire kaluluwar hammata, saboda hanyar da ruwan jiki ke bi ta toshe. Babban abin da ke riƙe kumburin safar hannu ce mai matsewa, wadda ake aunawa daidai da hannun mutum. Ana buƙatar biyu, ɗaya a hannu ɗaya a wanki, kuma wajen wata shida robarta ta saki, sai an sake. Mai motsa gaɓoɓi zai auna hannun, ya ga ya ƙaru, ya sake yi mata bayanin amfanin safa. Ta san amfaninta. Abin da ba ta faɗa ba shi ne tsohuwar ta saki, ba ta da kuɗin sabuwa, ko abokan aiki sun dame ta da tambaya alhali ba ta gaya wa kowa ciwonta ba, ko kuma ita kaɗai ce a gida, da hannu ɗaya ba ta iya jan safar ta haura gwiwar hannu. Kowanne da maganinsa: neman tallafin kaya, shirya mata amsa gajera da za ta riƙa bai wa masu tambaya, ko samo ɗan abin da ke taimakawa wajen zura safar. Amma in hannun ya yi ja, ya yi zafi, ga zazzaɓi, wannan ƙwayar cuta ce ta shiga fata, likita ake nema a ranar.

Haka wanda aka buɗe wa ƙofa a ciki bayan tiyatar hanji, bayan gida na fita cikin jaka. Ƙofar takan kumbura da farko, ta yi ta raguwa har mako shida zuwa takwas. In aka ci gaba da yanka ramin jakar da girman farko, sai a bar fata a buɗe, ƙazanta ta taɓa ta, ta saɓule, jaka ta ƙi mannewa, ta fara yoyo. Gyaran wannan aikin nas ce mai kula da irin ƙofar. Amma yoyo ɗaya a cikin mutane ya isa ya kulle babban mutum a ɗaki wata uku, ya daina zuwa atisaye, ya rage cin abinci don kada jaka ta cika, ya rame. Aikin ma'aikacin walwala a nan shi ne ya tabbatar akwai jakunkunan aƙalla wata guda a hannu kafin sallama, an san inda na gaba za su fito da wanda zai biya, sannan ya tsara masa fita mataki-mataki: yau zagayen minti goma kusa da gida, jibi wurin da ya san inda banɗaki yake, da 'yar jakar canji a aljihu. In da hali a haɗa shi da wanda ya shekara biyar da irin jakar yana harkokinsa. Minti ashirin da wannan mutum ya fi wa'azin ma'aikata goma.

Maganar kuɗi ba ta tsaya a rasit ɗin asibiti ba. Akwai mota, masauki, bandeji, jakunkuna, mai renon yara, da albashin mutum biyu da ya tsaya, na marar lafiya da na mai jinyarsa. Likitoci ma yanzu suna lissafa wannan cikin illolin magani, kamar amai da zubewar suma. Aikin a nan na takarda da biro ne: abin da ke shigowa kafin ciwo, abin da ke shigowa yanzu, abin da dole a biya kowane wata. Kuɗin muhalli ake fara karewa, domin wanda aka kora daga gida ba ya farfaɗowa. Sai a bi kowane tallafi da inshora a rubuta ranar da wa'adin nemansa ke cika, don da yawa ana rasa su ne saboda an makara ko takardar likita ba ta faɗi abin da hukuma ke son gani ba. Takardar da ta ce "yana fama da ciwon daji" ba ta kai wadda ta ce ba ya iya tsayuwa fiye da minti goma, ba ya iya ɗaga kaya, kuma haka zai kasance har wata kaza. Tambaya ɗaya kuma kada a manta da ita a kowace ganawa: "A watan nan ka taɓa tsallake magani, ko ka rage shi don ya kai ka ƙarshen wata?" Mutane ba sa gaya wa likita wannan, kunya suke ji.

Komawa aiki na buƙatar shiri tun ana tsakiyar magani. Dokoki sun bambanta. A Ingila dokar daidaito ta 2010 tana kare mai ciwon daji daga wariya a wurin aiki tun ranar da aka gano ciwon. A Amurka wata doka ta 1993 ta bai wa ma'aikacin da ya cika sharuɗɗa hutun mako 12 ba albashi, amma kujerarsa na nan, kuma hutun ya shafi mai jinyar mata ko miji ko ɗa ko iyaye. Dole ma'aikacin walwala ya san dokar ƙasarsa kamar tafin hannunsa. Kuskuren da aka fi yi shi ne komawa cikakken aiki ranar Litinin ɗin da ta biyo bayan gama magani, don mutum ya nuna ya warke. Gajiyar ciwon daji barci ba ya kawar da ita, ga mantuwa da wahalar tara hankali da wasu ke samu bayan kemo. Mako biyu sai ya faɗi, kuma faɗuwa ta biyu ta fi ta farko ciwo a idon mai ɗaukar aiki. Gara a fara da rabin yini, kwana biyu ko uku a mako, a riƙa ƙarawa cikin wata ɗaya zuwa biyu, a rubuce, da sa hannun kowa. Wanda ke sana'ar kansa ko aikin yini ba dokar da ta rufe shi, kuma shi ne ya fi buƙatar a zauna da shi a duba wane ɓangare na sana'ar jikinsa zai ɗauka, wane zai miƙa wa wani na ɗan lokaci.

Abin mamaki, wasu sun fi shiga wahala bayan an ce an gama. Lokacin magani kullum akwai inda za a je, akwai mai dubawa. Ana gamawa sai a ce ya dawo bayan wata uku, 'yan'uwa su watse da murna, a bar shi da tabo da gajiya da tsoron kowane ɗan ciwon kai. Ga mata da yawa masu sankarar mama maganin ma bai ƙare ba, akwai ƙwaya irin tamoxifen da ake sha kullum shekara biyar zuwa goma, kuma da dama suna dainawa a hanya saboda zafin jiki da sauran illoli ba tare da sun gaya wa kowa ba. A ƙarshen 2005 wani rahoton cibiyar nazarin lafiya ta Amurka ya ba da shawarar a riƙa ba kowane marar lafiya takardar tsarin rayuwa bayan magani: me aka yi masa, me za a riƙa dubawa, yaushe, wa zai kira. Gwaje-gwajen da aka yi daga baya ba su nuna takardar ita kaɗai tana canza abu mai yawa ba, kuma ban ga abin mamaki a nan ba, tunda ba ta da baki balle ta buga waya. Kiran da ake yi mako huɗu zuwa shida bayan zama na ƙarshe, lokacin da gida ya yi shiru, shi ne ya kamata ya zama doka. A wannan kiran ne kuma ake duba ko motsa jiki ya kankama, domin shi ne abin da aka fi tabbatarwa yana rage gajiyar: kusan minti 30 sau uku a mako, da atisayen ƙarfafa tsoka sau biyu, gwargwadon yadda masu motsa gaɓoɓi suka tsara.

Mai jinya marar lafiya ne na biyu da ba shi da kati. A tambaye shi shi kaɗai awa nawa yake barci, yaushe rabonsa da fita, wa ke karɓarsa. Akwai ma'aunin Zarit mai tambaya 22 don auna nauyin da ke kansa, amma ko ba shi, jadawalin karɓa-karɓa da sunaye da ranaku ya fi alƙawarin "in kana buƙatar wani abu ka kira". Yara kuwa sun san akwai abin da ke faruwa ko an ɓoye musu. A taimaki iyaye su faɗa musu gwargwadon shekarunsu: sunan ciwon, cewa ba a ɗauka, cewa ba laifinsu ba ne, da wanda zai kai su makaranta gobe.

Akwai maganar da kowa ke jira wani ya fara, wato ta shimfiɗa da haihuwa. Gashi a ƙugu na iya ƙuntata gaban mace, tiyatar furostet, wato ƙullin da ke ƙasan mafitsarar namiji, na iya taɓa ƙarfin namiji da riƙe fitsarinsa, kuma duka akwai abin da ake yi a kai in an faɗa da wuri. Ajiye maniyyi ko ƙwai don haihuwa a gaba kuwa kafin kemo ake yinsa; na namiji kwana ɗaya ko 'yan kwanaki, na mace kusan mako biyu. Ba ma'aikacin walwala ke yin waɗannan ba, amma shi zai tambaya ko an yi maganar, in ba a yi ba ya koma wa likita kafin allurar farko.

Sanin iyaka na cikin gwaninta. Ba ya canza awon magani, ba ya cewa "za ka warke", ba ya faɗa wa dangi abin da marar lafiya ya ce a ɓoye, kuma in dangi ne suka roƙa a ɓoye wa marar lafiya sunan ciwonsa, hanya ita ce a tambayi shi marar lafiyar nawa yake so ya sani da wanda yake so a riƙa gaya wa. Wasu alamun kuma in ya ji su a waya, hira ta ƙare: zazzaɓin da ya kai 38 ga mai shan kemo, sabon ciwon baya tare da sanyin ƙafafu ko gazawar fitsari, wanda ke iya nufin ciwon ya danne laka, da maganar kashe kai. Duka ukun asibiti ne yanzu-yanzu.

Za a ce ma'aikatan ba su da yawa, kuma gaskiya ne. Amma ƙarancin hannu hujja ce ta fara da wuri, domin matsalar da aka kama a makon farko kira biyu take ci, wadda aka bari ta ruɓe kuwa takan ci mako guda da gadon asibiti. Ba kowa ke buƙatar zama mai tsawo ba. Wasu bayani da lambar waya sun ishe su. Wasu na buƙatar mai raka su cikin lungunan asibiti da hukuma, irin tsarin da Dakta Harold Freeman ya fara a unguwar Harlem a 1990, kuma wanda aka horar na ɗan lokaci zai iya wannan. Ƙwararren sai a keɓe shi ga masu nauyi: wanda ke zaune shi kaɗai, mai ƙananan yara, wanda ya rasa murya ko gaɓa, mai tsohon ciwon ƙwaƙwalwa ko shaye-shaye, wanda gidansa ba lafiya. Za a kuma ce nas na iya yi. Nas mai gado goma sha biyu a wuyanta ba ta da awa guda ta zama, kuma ba a koya mata dokar haya ba.

Su ma ma'aikatan walwala suna da nasu laifin a raina su da ake yi, kuma a fayil ake ganinsa. "An ba shi shawara, an kwantar masa da hankali" ba rubutu ba ne da likita ko nas za su yi aiki da shi. Rubutun da ke sa a riƙa kiransu taron likitoci kamar haka yake: ba mai kawo shi gashi ranakun Talata da Alhamis daga mako na uku, ƙanwarsa ta karɓi Talata, an nemi motar tallafi don Alhamis, amsa ranar Juma'a, in ba a samu ba, an tanadi masauki, ya tsallake maganin raɗaɗi sau huɗu a makon jiya don ya kai shi ƙarshen wata, an sanar da likita yau, matarsa na barcin awa uku, za a gan ta ita kaɗai ranar Litinin da ƙarfe goma.